Ƙwaya Ta Hannun Aboki Take Isowa

Duk wanda ya daɗe yana aikin ba da shawara ga masu fama da shaye-shaye a Abuja ya san akwai tambayar da amsarta ba ta cika sauyawa ba. Idan aka tambayi matashi abin da yake sha, kowa da nasa: wannan wiwi, wancan kodin, wani tiramadol, wani roci, wani kuma sai ya haɗa biyu ko uku. Idan aka tambaye shi dalili, nan ma baki ya rabu: gajiyar aiki, rashin barci, baƙin cikin gida, zaman banza, ko neman ƙarfin halin tsayawa gaban budurwa. Amma da zarar an ce, “Ranar farko, wa ya miƙa maka?” sai amsoshin su taru wuri guda. Aboki ne, ko ƙawa, ko ɗan ɗakinsu a makarantar kwana, ko ɗan baffan da suka tashi tare, ko saurayi. Da wuya ka gamu da wanda zai ce da ƙafarsa ya je ya nemo dila, ya zaro kuɗinsa, ya sayi abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Wannan ita ce maganar da nake so iyaye da malamai da matasan birnin nan su riƙe: ƙwaya tana shigowa ƙasa ta jirgin ruwa da tirela, amma ta hannun wanda aka yarda da shi take isa bakin yaro. Muddin wa'azinmu da dokokinmu da maganinmu suna kallon dila kaɗai, to ƙofar da aka fi shigowa ta cikinta tana nan a buɗe.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Babban binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Mutum miliyan 14.3 ke nan. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan magungunan kashe raɗaɗi irin tiramadol ba bisa umarnin likita ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. A shiyyar Arewa ta Tsakiya, inda Abuja take, adadin ya kai kashi 10 cikin 100, a Arewa maso Yamma kuma kashi 12. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. To a tsaya a yi tunani: miliyan goma sha huɗun nan, kowannensu ne yake da dila? Matar aure da ke cikin gida a Gwarinpa, ko ɗalibar da ke kwana a ɗakin kwanan ɗalibai a Gwagwalada, yaushe ta san hanyar lungun da ake sayarwa? Tsakanin mai sayarwa na gaskiya da mai sha akwai hannuwa da yawa, kuma galibinsu na mutanen da ba su taɓa ɗaukar kansu masu fataucin ƙwaya ba ne. Ko a Amurka, binciken da gwamnati ke yi duk shekara ya nuna a 2016 da 2017 cewa fiye da rabin masu shan magungunan kashe raɗaɗi ba bisa ƙa'ida ba, daga wurin aboki ko ɗan uwa suka samu.

Yadda abin ke tafiya a majalisar samari kusan iri ɗaya ne, ko a gindin bishiya a Nyanya ne ko a ɗakin otal a Wuse. Ana yin karo-karo, kowa ya turo nasa ta waya, a tara a hannun mutum ɗaya wanda “ya san hanya”. Shi ne ke da lambar, shi ke magana a WhatsApp, shi ke karɓar saƙo daga ɗan babur mai kai aike. Riba ba ta dame shi ba. Ladansa bai wuce a bar masa kaso mafi tsoka ba, ko a riƙa girmama shi a matsayin mai rufa wa jama'a asiri. Sai a juye kodin a cikin robar lemo, a girgiza, robar ta riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu kamar abin sha na kowa da kowa. Wanda ya wuce ta gefe ba zai ga komai ba sai samari suna hira suna shan lemo. Idan ta iso kan sabon shiga, ba wanda zai tilasta masa. Abin da zai ji kawai shi ne, “Ɗan taɓa mana, ba komai,” ko “Haba malam, kai kaɗai ne na Allah?” Yau an ba shi kyauta, gobe ma haka. Jibi kunya za ta hana shi zuwa hannu rabbana, sai ya saka nasa kuɗin a karo-karon. Wata ɗaya ko biyu, shi ma ya karɓi lambar, kuma ranar da ya kawo wani abokinsa wurin, ya zama hannu na gaba ba tare da ya lura ba.

Aikin aboki bai tsaya ga kawo kaya ba, shi ne kuma malami. Tun 1953 masanin zamantakewa Howard Becker, bayan ya tattauna da masu shan wiwi 50 a Amurka, ya nuna cewa sai mutum ya koyi abu uku kafin ya zama mashayi: yadda ake sha, yadda zai gane cewa abin ya fara aiki, da yadda zai ɗauki abin da yake ji a matsayin daɗi. Dukansu a wurin wasu yake koyo. Abin da muke ji a ɗakin shawara ya yi daidai da haka. Mutane da yawa ba su ji daɗin ranar farko ba: jiri, tashin zuciya, bugun ƙirji, tsoro. Da mutum shi kaɗai ne, da wataƙila daga nan ya tuba. Amma akwai na kusa da zai dafa kafaɗarsa ya ce, “Haka yake yi da farko, yanzu za ka ji ka yi caji.” Wannan kalma ita ke mayar da alamar gargaɗi ta zama abin marmari. Sannan ga yarda. Yaron da aka yi wa tarbiyyar kada ya karɓi ko alewa daga hannun baƙo ba shi da irin wannan garkuwa a gaban wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya. A tunaninsa, da abin yana da illa, wane ba zai ba shi ba. Ya manta cewa wanen ma bai san abin da ke cikin ƙullin ba, musamman yanzu da ake fesa wa ganye sinadarai a kira shi Colorado, ake kuma shigo da tiramadol mai ƙarfin miligiram 200 ko 225, alhali 50 da 100 kawai hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da su.

Abuja tana da yanayin da ke ƙara wa abota nauyi fiye da garuruwanmu na asali. Birni ne da aka tsara aka gina, gwamnati ta tare a cikinsa a Disambar 1991, kuma mafi yawan mazaunansa zuwa suka yi: wani aiki ya kawo shi, wani karatu, wani bautar ƙasa, wani cirani. Saurayin da ya sauka a Zuba daga Katsina ko Sakkwato ya bar kawu da gwaggo da limamin unguwarsu a can. Aboki ne ya ba shi wurin kwana, aboki ne ya kai shi wurin gini a Lugbe ya sama masa leburanci, kuma idan wannan abokin ya ce masa ga ƙwayar da ke hana jin gajiya, da wane baki zai ƙi? A ɗaya gefen, iyaye ma'aikata kan fita daga Kubwa ko Mararaba da asuba don kauce wa cunkoso, ba sa dawowa sai bayan isha'i. A rukunin gidaje masu katanga da maigadi, maƙwabci bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba, balle ya tsawata masa. Tsarin nan na “ɗa na kowa ne”, wanda ya sa dattijon unguwa zai iya tambayar yaro inda za shi da wanda yake tare da shi, bai biyo mu Abuja da ƙarfinsa ba. Gurbin da dangi da unguwa suka bari, abokai ne suka cike shi, da alherinsu da sharrinsu.

Wani zai ce wannan duk kewaye ne: a kama manyan dilolin, a toshe tashoshin jiragen ruwa, idan babu kaya me aboki zai miƙa? Maganar tana da ƙarfi, kuma babu mai hankalin da zai raina aikin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, wadda ta ƙara ƙaimi sosai tun da aka naɗa Janar Buba Marwa mai ritaya a Janairun 2021. Duk kwantenar da aka kama rayuka ne aka tsare. Sai dai mun riga mun ga iyakar wannan hanya. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen Africa Eye na BBC ya fitar da bincikensa kan kodin, kuma a ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada, samunta ya yi wuya, amma majalisun ba su watse ba. Wasu sun ci gaba da nemo ta a ɓoye, wasu sun koma tiramadol ko roci, wasu sun gangara ga abin da ya fi arha ya kuma fi muni. Tsananin tsaro ma yakan ƙara wa mai “sanin hanya” daraja, domin idan zuwa wurin dila ya zama haɗari, mutum goma za su dogara da mutum ɗaya. Hukuma tana iya kama abin da ke cikin kwantena, amma ba ta da jami'an da za ta zaunar a kowace majalisa da kowane ɗakin amarya. Toshe hanyar shigowa wajibi ne, amma rabin aiki ne.

Wani kuma zai ce ai ba abokai ne ke lalata yaro ba, shi ne da ma mai hali, ya je ya nemi irinsa. Wannan ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A 1978 Denise Kandel ta wallafa binciken da ta bi abokai 'yan sakandare a jihar New York daga farkon shekarar karatu zuwa ƙarshenta, ta gano cewa abu biyun suna aiki kusan kafaɗa da kafaɗa: yara kan zaɓi masu kama da su, sannan bayan sun haɗu sai su ƙara kama da juna. Wannan ya kamata ya sanyaya bakin uwar da ke rantsuwa cewa nata na kirki ne, 'ya'yan wasu ne suka ja shi. Sau da yawa a gidan su wancan yaron ma haka ake faɗa game da nata. Amma bai rage nauyin majalisa ba ko kaɗan. Yaro mai damuwa a zuci, idan ya faɗa cikin waɗanda ke buga ƙwallo da yamma, ƙwallo zai samu. Idan ya faɗa cikin masu zagaya roba, roba zai samu. Gwajin da Margo Gardner da Laurence Steinberg suka yi a 2005 ya ƙara haske: sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, suka ga matasa sun fi yin ganganci idan tsaransu na kallo, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kansu fiye da manya. Ba sai an ce wa matashi “yi” ba. Idon abokai kaɗai yana sauya lissafinsa.

Haka nan masu cewa talauci da rashin aikin yi ne tushen komai, sun faɗi gaskiya amma ba su ƙarasa ba. Da talauci ne kaɗai, da ba mu ga 'ya'yan Maitama da Asokoro a ɗakunan shawara ba, masu mota da kuɗin kashewa, waɗanda suka fara a wurin shan shisha ko shagalin zagayowar ranar haihuwa. Kuma da mun rasa bayanin dubban samari marasa aiki a Karu da Dei-Dei da ba su taɓa kai komai bakinsu ba. Talauci, baƙin ciki da kaɗaici suna ba da dalili. Abota ce ke ba da hanya. Muna da haƙƙin neman gwamnati ta samar da aiki, amma uba ba zai jira tattalin arziki ya gyaru kafin ya san wanda ɗansa ke zama da shi ba.

To idan haka ne, wani zai ce sai a raba yaron da abokan, a kulle shi, ko a mayar da shi ƙauye. Wannan shi ne matakin da iyaye suka fi saurin ɗauka, kuma shi ne na fi jin tsoro. A watannin Satumba da Oktoban 2019 'yan sanda sun kai samame wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa, da yawa iyayensu ne suka kai su da kansu da niyyar gyara. Ko a asibiti na gaskiya, raba mutum da ƙwaya na wasu makonni shi ne sashe mafi sauƙi. Wuyar tana ranar da ya dawo gida: 'yan uwa suna masa kallon tuhuma, maƙwabta suna nuna shi da baki, samarin kirki an gargaɗe su kada su matso kusa da shi. Su wa suka rage da za su yi murnar ganinsa? Tsoffin abokan nan. Mutum ba ya zama babu jama'a, kuma wanda aka ƙwace wa majalisa ba a ba shi wata ba, zai koma tsohuwar. A nan ne haɗari ya fi girma, domin jikin da ya huta ya rasa juriyarsa ta da, kuma adadin da yake sha a baya yana iya tsayar masa da numfashi yanzu. Rabuwa da wasu abokai takan zama dole, amma sai an tanadi inda zai zauna da waɗanda zai zauna da su.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, hanyar da ke kai cuta ita ma tana kai magani, kuma an gwada an gani. A Ingila da Wels an yi wani gwaji a makarantu 59, aka wallafa sakamakonsa a mujallar Lancet a 2008. An bar ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 13 suka zaɓi waɗanda suke jin maganarsu a cikinsu, ba waɗanda malamai ke so ba, aka horar da su, aka sake su su riƙa hira da abokansu kan illar sigari a lokacin tara da hanyar gida. Yiwuwar shan sigari ta ragu da kimanin kashi 22 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran makarantu. Sigari ba tiramadol ba ce, amma darasin ya tsaya: maganar tsara tana shiga inda laccar babban baƙo ba ta kaiwa. A ƙasar Ayislan kuma, inda aka haɗa wasanni da sana'o'in bayan makaranta da yarjejeniya tsakanin iyayen unguwa ɗaya, yawan 'yan shekara 15 da 16 da suka bugu da giya a watan da ya gabata ya sauko daga kashi 42 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Ba yaro ɗaya-ɗaya suka bi ba, yanayin da tsara gaba ɗaya ke zama a ciki suka sauya. Ko alƙaluman namu suna da amfani a nan. Babban makamin mai miƙa roba shi ne “kowa na yi”. Ƙarya ce: idan kashi 14.4 sun sha, fiye da 85 cikin 100 ba su sha ba. Matashin da ya san cewa masu ƙi ne suka fi yawa ya fi iya cewa a'a ba tare da jin shi ne bare ba.

Ga kai kuma ɗan'uwa mai “sanin hanya”, wannan bayani ba wanke ka yake yi ba. Kana ganin taimako kake yi tunda ba ka cin riba, amma dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ba ta tambayar ko kyauta ka bayar: ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mallaka ko amfani, har da ɗaurin rai da rai ga hada-hada. Ina cikin masu ganin ya kamata doka ta bambanta ɗalibin da ya saya wa 'yan ɗakinsu da mai shigo da kwantena, kuma mai sha ya fi buƙatar asibiti da gidan yari. Amma ko doka ta sauya gobe, nauyin da ke wuyanka yana nan. Cikin masu sha biyar, binciken nan na ƙasa ya nuna ɗaya yana fama da cutar dogaro da ƙwaya, kuma ba ka da hanyar sanin ko wanda ka fara ba wa yau shi ne na biyar ɗin. Idan ba ka iya dainawa yanzu ba, to aƙalla kada ka zama farkon kowa. Sannan ka sani, ranar da abu ya ɓaci, kai ne a wurin, ba likita ba. Haɗa kodin ko tiramadol da roci ko giya yana danne numfashi, tiramadol mai yawa kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan abokinka ya kasa farkawa, yana minshari mai nauyi, numfashinsa ya yi ƙasa, kada a ce a bar shi ya yi barci, kada a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi a gefensa, a kira 112 ko a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, domin akwai allurar naloxone da ke iya dawo da numfashin wanda kodin da danginsa suka danne idan an kai shi da wuri. Tsoron tonon asiri ya sa an yi asarar rayukan da za a iya cetowa.

Ga iyaye, aikin ya fi binciken aljihu da waya. Ku san abokan 'ya'yanku da sunansu da gidajensu, ku san iyayensu, ku yi musayar lamba. Ku buɗe falonku ya zama wurin zamansu, ko da za su cinye abincin su cika gidan da surutu. Majalisar da ke gabanku ta fi wadda ba ku san inda take ba. Mata ma haka: a san ƙawayen 'ya mace, a kuma lura da amaryar da aka kawo Abuja aka bari ita kaɗai daga safe har dare. Limamai da shugabannin makarantun Islamiyya da masu ƙungiyoyin ƙwallo su nemo samarin da tsaransu ke saurare, ko da ba su ne na sahun gaba ba, su ba su ilimi da amana. Idan kuma an riga an faɗa, akwai sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da Babban Asibitin Karu, ga kuma layin NDLEA na kyauta, 080010203040, mai aiki dare da rana. Ranar da za a je, a tafi da aboki ɗaya na kirki wanda zai tsaya da shi bayan an sallame shi, kuma a tambayi mara lafiyan ko akwai wani a majalisarsu da shi ma yake son fita. Mu da ke wannan aiki mun fi samun nasara idan mutum biyu suka daina tare fiye da idan an ciro ɗaya an bar tara. Tunda a cikin jama'a ake koyon shaye-shaye, a cikin jama'a za a daina shi, kuma gina wannan jama'ar aikin kowane gida ne da kowace unguwa a birnin nan.